Wutar Miji

Inna tana da shekara arba'in da shida lokacin da Baba ya rasu. Ni kuma na gama jami'a ke nan, ina zaune a gida a Yelwa ta Yauri ina jiran takardar bautar ƙasa, don haka ni na zauna da ita duk tsawon takaba. Wata huɗu da kwana goma, ita a kan tabarma a bakin ƙofar ɗakinta, ni a kan kujera da littafi. Ba ta yi kuka da yawa ba. Abin da na fi tunawa hannuwanta ne. Kullum suna kan cinyarta a buɗe, kamar an karɓi wani abu daga gare ta an ce ta jira a dawo mata da shi.

Baba akawu ne. Shekara ashirin da takwas yana fita da safe yana dawowa ƙarfe biyu, kuma bai taɓa tarar da tukunya a kan wuta ba. Ba mafaɗaci ba ne. Ban san abin da zai yi ba da ya dawo abinci bai sauka ba, domin Inna ba ta taɓa bari mun gani ba.

Ranar da ta fita takaba ta yi wanka, ta ɗaura sabon zane, aka raba waina sadaka. Da mata suka watse, ta dube ni ta ce, "To, yanzu mi zan yi?"

Na ce, "Ki kwanta ki huta, Inna. Tun asuba kike tsaye."

Ta ce, "Ba yau nike nuhi ba."

Bayan mako guda ta faɗa mini abin da ta yanke. Za ta koma ƙauyensu na bakin ruwa, gaba da Warra kaɗan, ta kama sana'ar uwarta, wato bandar kifi. Daga can aka auro ta tana da shekara sha bakwai. Mu 'ya'yanta ba mu san wurin sosai ba, saboda Baba ba ya son jirgin ruwa, hanyar mota kuwa yakan ce ba hanya ba ce. Ita ma ba ta cika zancen ƙauyen ba. Sai dai in an kawo tallar busasshen kifi, takan ɗauki ɗaya ta karya, ta kai hanci, ta daɗe tana shaƙa kafin ta yi ciniki.

Yayana, ɗanta na fari, yana aiki a Birnin Kebbi. Da ya ji labari ya kira wayata, ya ce in miƙa mata. Na buɗe murya don kunnenta ba ya son waya.

"Inna, banda kuma? Me mutane za su ce? Ina ɗaukar albashi, uwata tana ƙauye tana shan hayaƙi?"

"Sai su ce tana aiki."

"Na gyara miki ɗaki a nan. Ga jikokinki, ga asibiti kusa."

"Allah shi yi maka albarka. Ka aje ɗakin."

Ni na goyi bayanta, kuma gara in faɗi gaskiyar dalilina. Na karanta littattafai da yawa inda mace ke tashi a tsakiyar rayuwarta, ta ɗaure kayanta ta tafi, duniya kuma ta buɗe mata ƙofa. Na ɗauka tafkin Kainji, wanda ƙauyen ke bakinsa, zai yi wa Inna haka. Na ce wa Yaya ya ƙyale ta, zan bi ta in zauna har takardata ta fito. Na sayi sabon littafin rubutu saboda tafiyar.

Mun shiga jirgin kasuwa daga Yauri a ƙarshen damina, lokacin farin ruwa, tafki ya cika ya yi launin koko. Jirgin ya ɗauki buhunan masara da babura biyu da akuya wadda ba ta yi shiru ba har muka sauka. Tun da garin ya ɓace a bayanmu Inna ta sa hannu a ruwa, ba ta cire ba sai da wata tsohuwa ta ce mata ta bar wasa, ba yarinya ba ce. Ni ina ta kallon yadda sama ta sauko ta kwanta a kan ruwa, babu inda za ka ce nan ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. A raina na riga na gama rubuta labarin, kuma ya ƙare da daɗi.

Yayarta ce ta tarbe mu a gaɓa. Inna Babba muke ce mata. Ta girmi Inna da shekara goma, 'yar ƙarama ce, busasshiya, idonta na hagu ya yi fari, na dama kuma kullum ja yana zubar da ruwa.

"Maraba da matar akawu," ta ce. "An tuna da talakawa?"

"Yaya, na taho ke nan."

"Kwana nawa?"

"Na ce miki na taho ke nan."

Inna Babba ta kama hannuwan Inna ta juya su, ta danna tafin da babban yatsa. "Kamar burodi," ta ce. Ta ɗauki jakar ta wuce gaba.

Matan ƙauyen yarensu na Gunganci suke yi a tsakaninsu. Inna tana jin duk abin da suke faɗa, amma in ta buɗe baki za ta mayar sai harshen ya maƙale, ta amsa da Hausa. Sukan yi dariya ba da mugunta ba, su juya mata zancen zuwa Hausa kamar yadda ake yi wa baƙo. Na ga abin yana yi mata ciwo.

Ta ƙi yin aiki a murhun yayarta, ta ce nata za ta gina. Kwana uku muna ɗebo yumɓu daga gaɓa, tana kwaɓawa da ƙafa, har ginin ya kai mata ƙugu, da ƙofar sa itace a ƙasa. Ta je Warra ta sayo ragar waya ta shimfiɗa a bisa. Da ya bushe, surukin Inna Babba ya ba ta tarwaɗa cike da daro daga kamun safiya. Nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Ta wanke kifin da toka, ta fitar da ciki, ta riƙa lanƙwasa kowace tarwaɗa tana kawo wutsiya ga kai tana sokewa da tsinke, ɗaya bayan ɗaya, ba ta ko duban hannunta. Shekara kusan talatin hannun bai manta ba. Ta ɗago ta dube ni, ta yi dariya, irin wadda haƙora ke fita. Tun rasuwar Baba ban ji ta ba.

Ranar kuwa Inna Babba ta haye ƙetare wajen suna, sai jibi za ta dawo. Inna ta haɗa wuta ita kaɗai da hantsi. Wuta ta kama da kyau, ja-wur, tana lasar raga. Ƙamshi ya cika gida. Bayan azahar kaɗan kifin ya yi ja yana ƙyalli, mai yana tsatsafowa. Ta sauke, ta bari ya huce, washegari muka jera shi a kwali ta ɗaure da igiya.

Da Inna Babba ta dawo ta ga kwalin ta ce, "Har kin gama? Buɗe in gani."

"An riga an ɗaure, Yaya."

Inna Babba ta dubi kwalin, ta dubi ƙanwarta, ta shige ɗaki.

A kasuwar Yauri akwai wata dillaliyar kifi, katafariyar mace mai yawan raha, wadda Inna ta daɗe tana saye a wurinta. Da ta gan mu da kwali a kai ta tafa hannu.

"Hajiya, yau ke ce da kaya? Duniya ta juya. Sauke mu gani."

Tun kafin a gama kwance igiya na ji warin. Dillaliyar ta ɗauki ɗaya. Bai karye ba, lanƙwasa ya yi, ya buɗe. Bayansa ja mai kyau, cikinsa fari, jiƙe, kuma abu yana motsi a ciki. Ta mayar a hankali ta rufe kwalin don kada maƙwabta su gani, amma sun riga sun gani.

"Hajiya," ta ce ƙasa-ƙasa, "wanga ba banda ba ce, gashi ne. Da ran da kinka sauke kin kawo mana da yaji, da mun ci mun sa albarka."

Wata daga gefe ta ƙyalƙyale da dariya. Muka ɗauki kwalin muka zagaya bayan kasuwa muka juye shi a ruwa. A jirgin komawa Inna ta zauna a lungu. Ta rungume kwalin da babu komai ciki har muka sauka.

Inna Babba tana zaune gindin murhunta tana jiran mu. Ba ta tambayi yadda kasuwa ta kasance ba.

"Yaushe kinka sa wuta?"

"Da hantsi."

"Yaushe kinka sauke?"

"Bayan azahar. Wajen ƙarfe biyu."

"Ƙarfe biyu." Ta share idonta da bakin zane. "Wa ke dawowa daga ofis?"

Inna ta ajiye kwalin a ƙasa.

"Ke wutar miji kinka iya. Mai harshe, mai sauri, a dafa a sauke kafin a ji takalmi bakin ƙofa. Ita kinka ɗauko daga Yelwa kinka kawo mana. Wutar banda ba ta da harshe. Hayaƙi ce da ɗumi, kwana biyu tana numfashi ƙasa-ƙasa, ba mai jiranta. Tun kina 'yar goma Innarmu ta gwada miki. Ina kinka kai shi?"

"Na aje shi, Yaya. Ba a tambaye ni shi ba."

Kafin kwana biyu maganar ta zaga ƙauye. In mata za su wuce zuwa gaɓa da daro, sai wata ta leƙo ta katanga ta ce, "Matar akawu, ya wutar miji? Maigida ya kusa isowa?" Inna takan ce, "Yana hanya," su yi dariya su wuce. In sun wuce sai ta daɗe tana kallon ƙasa. Wata maƙwabciya da ke zuwa coci ran Lahadi ita ce ba ta taɓa tsokanarta ba. Ta kawo mata ɗanyen itacen marke da buhun ƙaiƙayin shinkafa, ta ce ita ma da aka auro ta daga tudu sai da ta lalata kwando uku.

Koyon bai zo da sauƙi ba, domin ba wani abu za ta ƙara ba, bari za ta yi. In rana ta take, hannunta da kansa yake zuwa ga itace. Na sha ganin ta tura guntun ice cikin murhu tana cikin magana, ba ta san ta yi ba. Inna Babba ta samo wata 'yar tsumagiya ta ajiye kusa da ita. Hannu na miƙewa sai ta ɗan tsula mata.

"Bari."

"Yaya, za ta mutu."

"Ba ta mutuwa. Ke ce ba ki iya zama."

Ta koya mata yadda ake yayyafa ruwa in harshe ya taso, da yadda ake rufe garwashi da jiƙaƙƙen ƙaiƙayi, da yadda ake auna zafi. Ki ɗora bayan hannu a kan raga ki karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku. In kin janye kafin ki gama, wuta ta yi yawa. In kin gama ba ki ji komai ba, ta yi kaɗan. Kashi na biyu rabi ya lalace. Na uku ya bushe har ya zama gawayi ta gefe ɗaya.

Ga shi kuma kifin kansa ba ya samuwa yadda ta sani da. Masunta sukan fita da asuba su dawo da abin da bai rufe gindin kwale-kwale ba, kuma kowane yana da mata ko uwa da ke tsaye a gaɓa da daronta. Inna sai abin da ya rage take samu, ƙananan karfasa da ƙurungu. Wani makon murhunta ba ya ganin wuta ko sau ɗaya. Tsofaffi suna cewa ruwan ya gaji.

Duk da haka, a kwanakin nan ne na san uwata. In akwai kifi a raga, mukan zauna a inuwar katanga da yamma, hayaƙi yana tashi siriri ta ƙarƙashin tsohon kwanon da ake rufe murhu da shi, ita kuma tana magana. Ta ba ni labarin yadda ta taɓa kifar da kwale-kwalen babansu tana ƙoƙarin kamo hular wani. Ta gaya mini ba ta son tuwon shinkafa, ba ta taɓa so ba, ita da ta tuƙa shi kusan kullum tun kafin a haife ni. Tuwon dawa take so, wanda ya kwana. Gungancin ma ya fara dawo mata, da farko a zagi, in ƙurungu ya soke ta da ƙaya, daga baya a 'yan waƙoƙin da take yi a hanci.

Wata rana ta tsaya a tsakiyar labari ta ce, "Ashe ni mai surutu ce."

"Yau kika sani, Inna?"

"Wallahi yau. Da wa zan yi wa? Babanku in ya dawo rediyo yake ji."

Ba da ɗaci ta faɗa ba. Ta faɗe shi kamar wadda ta ɗaga tabarma ta ga ɗan kunnen da ta fid da rai da shi.

Tarin ya fara ne lokacin baƙin ruwa, da sanyi ya shigo, tafki ya sake cika ya yi duhu ya lafa. Da farko da safe kawai take yi. Daga baya in ta sunkuya juya kifi sai ta ɗago tana riƙe da katanga, ƙirjinta yana fito kamar ana hura sarewa. Ta ce mura ce. Ta kuma ce kada in gaya wa yayana. Duk Juma'a yakan kira, nakan tafi gindin wata tsamiya inda waya ke kamawa, in ce masa Inna lafiya lau, har ta yi ƙiba. Sau biyar na faɗa masa haka. A lokacin ina ganin amana nake riƙewa.

A cikin wannan hali ne ta yi banda ta farko da ta amsa sunanta. Tarwaɗa ce manya, surukin Inna Babba ya yi sa'a ya tuna da ita. Kwana biyu cur tana gindin murhu, tsumagiya tana ajiye ba a taɓa ta ba. Kifin ya fito baƙi-baƙi mai sheƙi, mara nauyi, in ka haɗa biyu suna ƙara kamar ice. A kasuwa dillaliyar ta ɗauki ɗaya, ta karya, ya ce ƙas. Ta shaƙa. Ba ta yi raha ba wannan karon, ba ta kuma ce Hajiya ba.

"Kwali nawa za ki iya kawo min duk kasuwa?" ta ce.

Inna ta ce, "Sai abin da ruwa ya ba da."

Muna barin rumfar ta kama hannuna ta matse. Amma daga nan zuwa titi akwai 'yar hawa, kuma sau uku muna tsayawa kafin mu kai. A na ukun ta zauna a kan dutse, ta kasa ko magana. Na tsayar da mai babur muka tafi asibiti.

Likitan ya daɗe yana sauraron bayanta. Ya ce, "Mama, da itace kike girki?"

"Ba girki nike ba," ta ce, tana haki. "Banda nike yi."

Na ji yadda ta faɗe shi. Ban taɓa jin ta ce ita mai yin wani abu ce ba sai ranar.

Ya ce ƙirjinta dama yana da rauni, wataƙila tun da daɗewa, zaman gida ne ya ɓoye shi. Ya ce hayaƙin nan ba zai bar ta ba, in ta ci gaba wata rana numfashin zai tafi a inda babu asibiti. Ya rubuta magani da abin shaƙa. Ta yi godiya, ta sa a jaka. Washegari ta haɗa wuta.

Takardata ta fito a makon, an tura ni wata jiha mai nisa, saura mako uku in tafi. Ban san yadda zan bar ta ba, ban kuma san yadda zan hana ta ba, ni da na rako ta. Ina cikin wannan tunani, wata safiya na fito daga wanka na tarar da ita zaune a ƙasa jikin murhu, ta kafe hannuwa a baya, baki buɗe, leɓɓanta sun yi duhu. Inna Babba tana yi mata fifita da faifai. Na ruga na ɗauko abin shaƙar. Sai da aka ɗauki lokaci kafin numfashin ya dawo daidai.

Da muka kwantar da ita, Inna Babba ta ja ni waje.

"Ke 'yar boko, ina waya? Kira min yayanki."

"Inna Babba, ta ce kada a faɗa masa."

"Na ji. Ke za ki tahi nan da kwana nawa? In ya sake tasowa wa zai nemo mata abin nan, ni da ba ni ganin allura? Kira shi."

Muka tafi gindin tsamiya tare. Ni na danna lambar, ni na riƙe mata wayar a kunne. Da ta gama, Yaya ya ce a ba ni. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Kin ce ta yi ƙiba." Ya kashe.

Da Inna ta ji an kira shi, kwana biyu ba ta yi wa ɗayanmu magana ba. Ta tashi dai ta karɓi kifi a gaɓa, ta wanke, ta soke, ta jera a raga. Ran Asabar da safe ta haɗa wuta, ta ɗaure hanci da ɗankwali. Sai da ta rufe murhun sannan ta juya ga yayarta.

"Yaya, ke kinka kira shi."

"Awo, ni na kira shi."

"Ke ba ki shan hayaƙin?"

"Ina sha. Ni tun ina 'yar bakwai munka saba. Ido ya nema, na ba shi ɗaya, yana cin na biyu. Ke kin zo masa da girma, numfashi yake nema. Na binne Innarmu, na binne mijina, na binne ɗiya biyu. Ba ni binne ƙanwata saboda tarwaɗa."

"To in tahi in yi mi?"

"Ki zauna. Ɗanki na da hali."

"Na yi zaman, Yaya. Wata huɗu da kwana goma na yi shi. Na san yadda yake."

Inna Babba ta koma gefe. Ta zauna a turmi tana share ido, ban sani ba ko na kullum ne.

Yaya ya iso da mota ran Lahadi da hantsi, ta hanyar Warra, motar ta yi buɗu-buɗu da jar ƙasa. Ya durƙusa ya gaishe su. Ya rame a idona. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Ba zan iya barci ba kina nan."

Ta ce, "Akwai kihi kan wuta. Sai gobe da sahe yake isa."

"Gobe Litinin, Inna. Ƙarfe takwas ake nemana a ofis."

Ya dubi murhun. Ya ce ko za a ƙara wuta a sauke shi yanzu, mu tafi da shi, yara su ci. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Na ga Inna Babba ta kawar da kai.

Inna ta ce, "A'a. A bar shi."

Ta je ta ɗaga kwanon, ta juya kifin ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora bayan hannunta a raga, leɓɓanta suna motsi. Ta yayyafa ɗan ruwa a kusurwa guda, ta mayar da murfi. Ta shiga ɗaki ta haɗa kayanta, waɗanda ba su fi yadda ta zo da su ba. Maƙwabciyar nan ta zo ta riƙe mata jaka har mota. Matan da ke tsokanarta suka tsaya a bakin hanya, babu wadda ta yi wasa.

A bakin mota ta tsaya gaban yayarta.

"Yaya, ki faɗa min gaskiya. Na iya ko ban iya ba?"

"Kin iya."

"Ba don ina tahiya ba?"

"Yaushe na taɓa yi miki kara? Kin iya. Ba ki dai zo da wuri ba."

Inna ta gyaɗa kai ta shiga baya. Na zauna kusa da ita. Har muka hau kwalta ba ta waiwaya ba, ni ce na yi ta waiwaye har ruwan ya ɓuya a bayan gonakin dawa.

Yanzu tana Birnin Kebbi. Matar Yaya mutuniyar kirki ce, ba ta barin ta ɗaga ko tsintsiya, an kuma hana ta shiga kicin saboda ƙirjin. Littafin da na saya don tafiyar shafi shida kawai na rubuta a ciki, duk a kan launin ruwa. Daga inda nake bautar ƙasa nakan kira ta duk mako. Maganar ba ta daɗewa. Lafiya lau, yara suna makaranta, an yi zafi, an kawo wuta, an ɗauke.

Wancan makon Yaya ya kai ta asibiti a sake duba ta. Shi ya fara kira na, muryarsa cike da murna, ya ce ƙirjin ya washe sosai. Na ce ya ba ni ita.

"Inna, na ji albishir. An ce kin warke."

"Haka likita ya ce. Ya ce in na ci gaba da hutawa haka, ba abin da zai hana in kai tamanin."

"Alhamdu lillahi."

"Alhamdu lillahi," ta ce. Sannan ta ce, "Ke da kinka yi boko, daga arba'in da bakwai zuwa tamanin shekara nawa ke nan?"

Na ce, "Talatin da uku, Inna."

"Talatin da uku," ta ce. "To. Ga yayanki."